Ribit ɗin injin tururi yana juyawa ya ƙi fita, don Allah a ba ni shawara

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Ingila, kuma maƙwabcina wani dattijon Bature ne da muka daɗe muna zaman mutunci, shi yake karɓar mana saƙo idan ba ma gida. 'Ya'yansa sun mayar da shi gidan kula da tsofaffi, to ranar da ake kwashe kayansa sai ya kira ɗana ya damƙa masa ƙaramin injin tururi na wasa na kamfanin Mamod, samfurin TE1A mai siffar tarakta, wanda ya saya wa nasa ɗan tun yana yaro. Na yi masa alkawarin zan gyara mu kawo masa ya ga yana tafiya, yaron kuma kullum sai ya tambaye ni. Tsatsa ta ci gidan wutar, gilashin duba ruwa ya yi duhu. Na ɗauko injin huda zan cire ribit, wato ƙananan ƙusoshin da suka haɗa sassan ƙarfen, don in kankare in yi fenti, uku sun fita lafiya, na huɗun sai juyawa yake tare da bakin hudar, yanzu ramin ya faɗaɗa. Na riga na sayi ribit na alminiyam fakiti guda. Barci ma ya gagare ni. Yaya zan yi?

Oga Mai Walda: Wa alaikumus salam. Baban Hanif kwantar da hankalinka, wannan ba aiki ba ne. Ka manta da ribit gaba ɗaya. Faɗaɗa ramukan su zama ɗaya, ka sa ƙananan bol da noti, gobe in kana son kwancewa ka kwance. Inda ya ƙi, ka ɗiga masa walda. Tun kafin a haifi wasu a nan nake wannan sana'a.

Injiniya Zariya: Malam, ba ka faɗa mana wane ribit ba ne. Na jikin gidan wuta, ko ɗaya daga biyun da suka riƙe gilashin? Na gidan wuta faranti kawai suka haɗa. Na gilashin kuwa sun ratsa cikin tukunyar da ruwa ke tafasa ne, tururi yana bayansu. Kuma bakin huda mai lamba nawa ka sa?

Baban Hanif: Wanda na samu a akwati na sa, ban duba lamba ba. Ai da shi na cire ukun farko ba matsala, don haka ba daga bakin ba ne.

Injiniya Zariya: Yawancin ribit ɗin waɗannan injina 2.4 milimita ne, wato 3/32 na inci. Kan ribit ɗin kawai ake ci a hankali har ya ɓalle, sannan a tura sauran da siririn ƙarfe. Idan yana juyawa, a riƙe gindinsa da filaya ta baya, in hannu ba ya kaiwa a liƙa tef a kewaye a goge kan da magagari. Har yanzu dai ba ka ce wanne ne ba.

Oga Mai Walda: Injiniya duk wannan lissafin takarda ne. Haka wani yaro mai digiri ya zo shagona yana gwada ƙarfe da ma'auni, ya lalata min aikin kwastoma, ni na biya daga aljihuna, ko haƙuri bai ba ni ba. Abin wasan yara ne fa, ba tukunyar kamfani ba. Bol da noti, shi ke nan.

Maman Ilham: Ni dai tsorona yaron. Tururi ba abin wasa ba ne. Mijina ya taɓa sayo tukunyar girki mai matsi a hannun wani ɗan kasuwa, aka ce sabuwa ce, ashe robar ta mutu, Allah ne ya kiyaye fuskata. Da muka mayar cewa ya yi mu muka ɓata. Baban Hanif ka goge shi ka ajiye a kan kanta don ado, dattijon zai fahimta.

Baban Hanif: Hajiya na gode, amma alkawarin tafiya na yi, ba na ado ba. Injiniya, na gilashin ne, na ƙasa. Kuma yanzu in na girgiza tukunyar ina jin wani abu yana ƙara a ciki.

Injiniya Zariya: To ka ajiye alminiyam ɗin nan, ka yi amfani da shi a gidan wuta kawai. Tukunyar tagulla ce, alminiyam kuwa in ya zauna da tagulla cikin ruwan zafi cinyewa yake yi. Na jan ƙarfe ake sawa a nan, mai rufaffen gindi, don na gama-gari rami ne a tsakiyarsa, tururi zai bi ta nan. Ƙarar da kake ji guntun tsohon ribit ne, cire bawul ɗin sama ka kifa tukunyar ka girgiza ya faɗo. Walda kuma kada ka kusance ta, tagullar siririya ce, dalmar da ta riƙe bututu tana narkewa tun wajen digiri 190.

Oga Mai Walda: To ramin da ya faɗaɗa fa? Ribit 2.4 zai yi iyo a ciki. Kun ga maganata ta fito.

Ɗan Birmingham: A nan Birmingham Geoffrey Malins ya kafa Mamod tun shekarun 1930, kuma a 2024 suka rufe, amma masu sayar da kayan gyara suna nan a intanet, za ka samu gilashi da robar da ke toshe gefensa da ribit ɗinsa a ƙulli ɗaya. Wasu kan hau zuwa 3.2 in rami ya buɗe, wasu su cike da dalma su sake hudawa. Ni abin da ya fi ci min rai ƙwayar wutar ce, wadda ake ƙonawa a ƙarƙashin tukunyar. Tun Oktoban 2023 da aka tsaurara dokar sayar da hexamine, sinadarin da ake yin ƙwayar da shi, injina yake ajiye, sai jel mai cin wuta nake gwadawa, wutarsa ba ta gamsar da ni ba.

Baban Hanif: Wallahi kun ƙara rikita ni. Alminiyam ɗin da na saya mai shagon ya ce yana riƙe komai, kuma injin ba kullum za a kunna ba, sau ɗaya ne a gaban dattijon. In na shafa gam mai jure zafi a kewaye ba zai wadatar ba? Oda kuma sai ta ɗauki kwanaki, ranar Asabar za mu je.

Injiniya Zariya: Sau ɗayan ma a gaban ɗanka da tsoho za ka kunna. Duba bayan tukunyar tukuna, in ka ga ɗigo-ɗigon ja ko farin gari, tagullar ta fara ruɓewa, sabon ribit ba zai cece ta ba. Turo hoto da ma'aunin ramin.

Oga Mai Walda: Gam ɗin ma ya isa. Ni na gaya maka.

Baban Hanif: Ba ni da abin gwada rami, amma a ido bai kai yadda kuke tsammani ba. Zan gwada na alminiyam ɗin yau da daddare in cika ta da ruwan sanyi in gani. Akwai wanda ya san ko roba tsohuwa za ta sake zama?