Tsohuwar Colt 1903 za ta yi wa mutum tsaron kai na kullum?

Jama'a, ina neman shawarar masu sani. Ina da lasisin ɗaukar bindiga, kuma wadda hannuna ya saba da ita Colt 1903 ce, ƙaramar bindigar hannu ƙirar John Browning (wani maƙerin bindigogi ɗan Amurka), mai cin harsashi samfurin .32 ACP. Siririya ce, tana lafewa a ƙugu.

Matsalar, harsashi mai rami a baki yana maƙalewa a mashigar bututu, mai dunƙulallen kai kaɗai ke wucewa sumul. Na sauya sifirin ɗin gidan harsashi, bai hana ba. Mai gyara ya ce a goge mashigar, amma hakan zai karya darajarta wajen masu tara kayan tarihi. Ga gumi yana cin launin ƙarfen.

In haƙura da dunƙulallen, ko in adana ta in nemi ta zamani? Kuma in ta faɗi da harsashi a ciki, tana iya tashi?