"Yaro, ina ogan naka?"

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa masu hoto. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, yau raina a ɓace yake. An ba ni aikin biki, kamu da dina, har da kafin alƙalami. Ranar Juma'a na yi kamu, a daren na tura wa amarya hoto goma, ta ɗora a sitatus, ƙawayenta suna ta neman lambata. Jiya Asabar na isa hol tun bayan magariba. Ina cikin saita filasha sai matar da ke tsara bikin ta zo ta tsaya a kaina, ta dubi abin da ke rataye a wuyana, ta ce, "Yaro, ina ogan naka?" Na ce Hajiya ni ne mai hoton. Ta ce, "Da wannan 'yar abar? Ai irinta 'yata take TikTok da ita." Kafin a shigo da amarya ta kira wani, ya iso da ƙatuwar kyamara da farin lensi kamar taɓarya. Ni aka tura ni bakin ƙofa ɗaukar baƙi. Canon R50 ce a hannuna, megafiksel 24, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto. Canon R6 Mark II ɗin da ya zo da ita, ita ma 24 ce. Duka marasa madubi ne, wato samfurin zamani da babu madubi tsakanin lensi da cikin kyamara, duka kuma a Instagram hotunan za su ƙare. Ni dai na faɗa: duk wanda ya zuba miliyoyi a babbar kyamara don ɗaukar biki, burga ya saya, ba aiki ba.

Oga Situdiyo: Wa'alaikumussalam. Burga? Mu ne 'yan burgar ke nan?

Ɗan Auta: Oga ban kama suna ba.

Oga Situdiyo: Ba sai ka kama ba, ai mu ne muka zuba miliyoyin. Bari in ba ka labarin burga. Na taɓa ɗaukar ɗaurin aure da kyamara mai ramin memori ɗaya. Na dawo, na zura katin a kwamfuta, ta ce wai sai na goge shi kafin ta buɗe. Kwana uku ina yawo da katin nan wajen masu gyara. Daga ƙarshe na je gaban uban ango na durƙusa, na mayar da kuɗi, shi ko kallona bai yi ba. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Daga ranar na daina fita da kyamarar da ba ta rubuta hoto a kati biyu lokaci guda. Taka rami nawa ne da ita? Ɗaya. To wane ne ke burga, wanda ya yi tanadi ko wanda ke caca da ranar mutane?

Sarkin Sony: Kama da wane ba ta wane. 24 da 24 wai.

Malam Lissafi: Ina da gyara guda biyu. Na farko, in ramin memori ne ma'auni, to ku tuna a 2018 Canon ta fito da EOS R, Nikon ta fito da Z6 da Z7, dukkansu masu manyan sensa (farantin da ke kama haske a cikin kyamara), dukkansu rami ɗaya, kuma manyan masu hoto suka saya suka yi aiki da su. Na biyu, kalmar ma ba ku fahimce ta ba. Burga daban, burgewa daban. Burga ita ce ka tsorata mutum da abin da ba ka da shi. Wanda ya zo da R6 ai yana da ita, a hannunsa take. Don haka burge Hajiya ya yi, ba burga ya yi mata ba.

Ɗan Auta: Malam ni abin da nake nufi kwalliya ce kawai.

Malam Lissafi: To da sai ka ce kwalliya. Magana zarar bunu ce.

Oga Situdiyo: A'a Malam, kada ka wanke shi. Mu a Kano in an ce maka ɗan burga, an ce maka fanko ne. Ya janye kalmar kawai.

Na Kaduna: Mu a nan burga ba zagi ba ce. In yaro ya sha sabuwar shadda sai a ce yau burga ake. Ku Kanawa komai sai kun mai da shi shari'a.

Oga Situdiyo: Yanzu ɗan Kaduna ne zai koya mana Hausa? Ikon Allah.

Na Kaduna: Oga ai Hausar ba a Kantin Kwari ake auna ta da yadi ba.

Baba Mai Fim: Salamu alaikum yara. Jikana ne ya karanta mini abin da kuke yi. Mu a zamaninmu fim ɗaya hoto 36 ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Da fim biyu nake gama biki. Yanzu ku ɗauki dubu biyu ku zaɓi ɗari. Dukkanku 'yan burga ne.

Anti Mai Kamu: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ku bari in ce wani abu, tunda ni nake shiga inda ba ku shiga. Sony a6400 nake riƙewa tun shekarun baya, nauyinta giram ɗari huɗu da 'yan kai. Sa lalle da kamu, awa biyar ko shida ina tsaye cikin mata, ina kutsawa tsakanin gwaggo da inna, wata ta ja mayafina, wata ta ce a sake don ta rufe ido. Wancan farin lensin, 70-200 na da, shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi. A ɗakin amarya ina za ka ja da baya da shi? Gado ya cinye rabin ɗakin, sauran rabin akwatunan lefe. Kuma tunda nake, ba amaryar da ta taɓa tambayata girman sensa. Tambayarsu ɗaya ce: Anti na yi haske? Ƙanina, ni abin da ya ɓata mini rai a labarinka "yaro" ɗin da ta ce maka ne. Da wace shiga ka je?

Ɗan Auta: Anti riga da wando na yau da kullum, da silifas.

Anti Mai Kamu: To ka ji. Silifas ɗin ta fara gani kafin kyamarar.

Sarkin Sony: Anti kin gama magana, amma batirin a6400 ɗin nan fa? Wannan ɗan FW50 ɗin, kafin a yanka kek ya mutu. Ki koma Sony a7 III, batirin FZ100 ne a cikinta, kamfanin ya rubuta hoto ɗari bakwai da wani abu a caji ɗaya, ga rami biyu, ga mai hana rawar hannu a cikin jikinta. Tun 2018 take, har yau ba ta tsufa ba.

Anti Mai Kamu: Batir huɗu ne a jakata, kuɗinsu bai kai murfin taka ba.

Na Canon: Sony ai sai dai a ɗauki gini da ita. Ka ɗauki baƙar fata ta fito maka da kore-kore kamar an shafa mata kuka. Kalar fata ta Canon ce, wannan ko makaho ya sani.

Sarkin Sony: Tsohon zance. Ku da R5 ɗinku ta fito a 2020 ana ta kururuwar bidiyon 8K, sai ga ta tana ɗaukar zafi tana kashe bidiyo. A watan Afrilu a Kano sai dai ka tafi da ƙanƙara.

Na Canon: Wa ya ce maka ana ɗaukar biki da 8K? Kuma ku Sony ne kuka fara koya wa duniya ɗaukar zafi, tambayi masu a6300.

Admin: Jama'a a koma kan magana.

Na Canon: To bari in koma. Ɗan Auta, ni ne mai taɓaryar.

Na Kaduna: Innalillahi! Ashe ɓarawon na cikin gida.

Na Canon: Ba ɓarawo, kirana aka yi, kuma wallahi ban san kai ne ba sai da na hango ka a ƙofa. Tunda ka kawo maganar gaban jama'a, bari in faɗi abin da ka tsallake. Na ga lensin da ke kan kyamararka, wanda ake haɗo ta da shi ne, 18-45. In ka zuƙo shi ƙarshe, f/6.3 yake komawa, kuma in lambar f ta ƙaru, hasken da ke shiga raguwa yake. Hol ɗin nan kowa ya san irinsa: an kashe manyan fitilu, an bar shuɗi da ja suna wulwulawa, ga hayaƙin da suke saki lokacin shigowar amarya. Ni f/2.8 nake, na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har 6400, kuma duk da haka sai da na yi addu'a. Da wancan lensin, da rabin hotunan shigowa sun fito da yashi ko sun yi rawa. Kamu da rana aka yi a tsakar gida, shi ya sa ya yi maka kyau.

Malam Lissafi: Lissafin ya goyi bayansa. Daga f/6.3 zuwa f/2.8 haske ya ninka wajen sau biyar. Sensar R50 kuma milimita 22.3 ce da 14.9, ta R6 36 da 24, faɗin fili ya ninka sau biyu da rabi da ɗoriya. Amma ku lura, ninki biyar ɗin daga lensi yake, ba daga kyamara ba. Tun 2024 kamfanin Sigma ya fitar da lensi 18-50 f/2.8 mai hawa kan irin tasa kai tsaye. Ko ɗan 50 f/1.8 na Canon mai araha, sai dai a kanta zai koma kamar 80, ya matse shi a ɗaki. R50 dala 679 aka fitar da ita, R6 Mark II dala 2,499. Ratar nan ta isa lensi mai kyau da filasha biyu, har a yi canji.

Oga Situdiyo: Filasha ma ai sai da adafta. R50 ba ta da ƙarfen tsakiyar nan a mazaunin filasha. Ɗan Auta, ƙarya nake? Nawa ka sayi adaftar AD-E1?

Ɗan Auta: Na saya Oga. Amma Yaya Na Canon, tunda gaskiya ake faɗa, R6 ɗin taka ce?

Na Canon: Wannan ba ya cikin magana.

Ɗan Auta: Na ga lambar da aka manna a gindinta da farin fenti.

Na Kaduna: Haya ce! Wallahi haya ce!

Na Canon: To haya haram ce? Na biya kuɗina na kwana ɗaya na fitar da aiki.

Malam Lissafi: To yanzu magana ta canza. In ba tasa ba ce, kuma ya bar Hajiya tana zaton tasa ce, ma'anar burga ta cika. Na janye gyarana na biyu.

Na Canon: Malam ka ji tsoron Allah. Kai da ko suna ba ka taɓa ɗauka ba, kullum sai lissafi.

Oga Situdiyo: Ni duk wannan bai dame ni ba. Tambayata ɗaya: Ɗan Auta nawa ka karɓi aikin? Don na san gidan, sun fara zuwa wajena, na faɗi kuɗina suka ce za su dawo. Ku ne kuke karya mana kasuwa. Yaro ya sayi kyamara yau, gobe ya buga sitika ya karɓi kamu da dina a kuɗin da bai kai na albam ba. Shi ya sa ake tambayarku ina oganku.

Ɗan Auta: Oga kai ma yaro za ka ce mini? Shekara uku ina riƙe maka fitila, ko na mota wani lokacin ba ka ba ni.

Oga Situdiyo: Au, abin ya zama gori? To lensina 85 da ka ara da ƙaramar Sallah, da ƙura ka dawo mini da shi har cikin gilashi.

Ɗan Auta: Ƙaramar Sallah ba a hunturu aka yi ta ba Oga. Da ƙurarsa ka ba ni.

Anti Mai Kamu: Haba Oga, haba ƙanina. Wannan ku yi shi a waya mana.

Sarkin Sony: Ƙura dai ai duk marar madubi tana sha. Ka cire lensi a hunturu, sensa tsirara take kallonka.

Na Canon: R6 tana sauke labule ta rufe sensa in ka kashe ta. a7 III ɗinka fa?

Sarkin Sony: Wadda ka yi haya?

Baba Mai Fim: Jikana ya ce har yanzu kuna yi. Wa ke da lambar mai gyaran kyamarar Yashica?

Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. Kowa ya yarda cewa abin da Hajiya ta yi ba daɗi, amma ita ma tana da hujja, don mai biki da ido yake saye. An tabbatar da cewa ƙaramar kyamara ba ta iya hol da daddare, Na Canon ya yi bayani, Malam Lissafi ya kawo alƙaluma. An kuma tabbatar rami biyu wajibi ne, kamar yadda Oga ya nuna. Anti ma ta yarda batirinta ba ya jurewa. Maganar haya kuwa ta nuna mana mallaka ta fi aro mutunci. Kan Canon da Sony, mafi yawan hujjoji sun karkata wajen a7 III. Kalmar burga an yafe ta.

Malam Lissafi: Admin ba haka na ce ba. Cewa na yi lensi ne matsalar.

Anti Mai Kamu: Ni yaushe na yarda?

Ɗan Auta: Ni fa cikon kuɗina Hajiya ta riƙe, shi nake so a ba ni shawara a kai tun ɗazu.

Admin: An rufe wannan maganar. Af, kafin in manta, akwai a7 III guda biyu na hannu a shago, masu tsabta, kowacce da batir biyu. Ana karɓar R50 a yi ciko. Ɗan Auta ka duba, na yi maka magana ta gefe.