Neman shawara: ina so in saƙa wa ƙawayena abin sanyaya zuciya, yaya zan yi da tanadin zare?

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu saƙa. Shekara biyu ke nan da na koyi saƙa da tsinke biyu, kuma yawancin abin da hannuna ya saba da shi hulunan jarirai ne. A bana Allah ya jarrabi ƙawayena biyu na kusa: ɗaya ta rasa mahaifiyarta, ɗayar kuma an fara yi mata maganin cutar daji har gashinta ya soma zubewa. Idan na je wurinsu bakina nauyi yake yi, shi ya sa na ƙudurta in saƙa wa kowacce abin da za ta riƙa jin ɗuminsa ko ba na nan.

Na fara da mayafin kafaɗa na wadda aka yi wa rasuwa. Na sayi dunƙule huɗu na shuɗi mai duhu, zaren ya ƙare saura kamar taƙi biyu, na koma na ƙaro dunƙule ɗaya mai suna iri ɗaya, na ƙarasa cikin dare. Da gari ya waye na shimfiɗa shi kusa da taga, sai ga layi ya fito ɓaro-ɓaro daga inda na haɗa sabon zaren, domin ya fi na farko haske. Makonni shida ke nan yana naɗe a jaka. Yanzu ina tunanin in sayi zare mai yawa in ajiye don kada haka ta sake faruwa. Nawa ya kamata in saya, wane iri ne zai dace da mara lafiya, yaya ake adana shi, kuma shin in warware mayafin ne?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan wadda ta rasu, ya ba mara lafiya sauƙi, ya saka miki da alheri. Abin da ya same ki ba laifin hannunki ba ne. Ana rina zare ne kashi-kashi, kuma ko da launi ɗaya aka nufa, abin da ya fito daga wannan rinin yakan ɗan saɓa da na wancan. Shi ya sa takardar da ke naɗe a jikin dunƙule take ɗauke da lamba biyu, ta launi da ta rini, kuma ta rinin ce yawancin sababbin masu saƙa ba sa dubawa. Duk zaren aiki ɗaya ki saye shi rana ɗaya da lambar rini ɗaya, ki ɗora dunƙule guda a kan lissafinki.

Lissafin kuma da mita ake yin sa, ba da yawan dunƙule ba, domin giram 100 na zare mai matsakaicin kauri, wanda ake saƙawa da tsinke mai milimita 4.5 zuwa 5, yakan kai kusan mita 200, alhali giram 100 na siririn zaren safa yakan kai mita 400. Hular babba tana cin mita 150 zuwa 200 na matsakaicin zare, mayafin kafaɗa mai yalwa yana cin 600 zuwa 800, ƙaramin bargon rufe cinya kuwa yakan kai mita 1,000 ko ya ɗara. Na fi so ki saƙa ɗan gwaji mai santimita 10 ta kowane gefe, ki auna nauyinsa, sannan ki ƙiyasta na aikin gaba ɗaya, saboda hannun wata ya fi na wata tsauri.

Mayafin nan kada ki warware shi duka. Ki warware daga ƙarshe har ki wuce mahaɗar da kamar layi ashirin, sannan ki riƙa saƙa layi biyu da tsohon zaren, layi biyu da sabon, har tsohon ya ƙare. Launukan za su shige cikin juna ta yadda ido ba zai kama inda ɗaya ya tsaya ba.

Amsa ta biyu

'Yar'uwa, ni na sha irin wannan maganin, kuma ina so in yi miki maganar hula tun kafin ki kashe kuɗinki. Idan gashi ya zube, fatar kai takan yi laushi har abin da ba ki taɓa lura da shi ba ya zama damuwa. An kawo mini hular ulu mai kyan gaske, amma ban iya barin ta a kaina na minti goma ba saboda ƙaiƙayi, ga kuma wani ƙulli a tsakiyarta da yake danna ni duk lokacin da na kwanta. Na riƙa saka ta ne kawai idan mai ita ta zo dubiya, don kada ranta ya sosu. Wadda na zauna da ita dare da rana ta auduga ce mai laushi, an saƙa ta a zagaye babu ɗinki ko ɗaya.

Ki nemi auduga mai laushi, ko wadda aka haɗa da zaren gora, ki goga dunƙulen a wuyanki kafin ki saya, domin tafin hannu ba ya gane kaushi kamar wuya. Ki rage faɗin hular kaɗan tunda babu gashin da zai cika ta, ki tsawaita ta har ta rufe kunne da ƙeya. Ki wanke ta da sabulu mara ƙamshi kafin ki kai mata, kuma kada ki fesa mata turare, saboda a kwanakin nan ƙamshi yakan tayar da zuciya. Idan da hali ki saƙa biyu, tana saka ɗaya ana wanke ɗaya.

Amsa ta uku

Ni dai, ƙanwata, ba na goyon bayan tara zare ba tare da an san abin da za a yi da shi ba. Na taɓa cika akwati da ulu saboda na same shi da sauƙi, bayan shekara na buɗe sai na ga zaren yana tsinkewa gutsi-gutsi a hannuna. Asu ne ya shiga, kuma tsutsarsa ce take cin ulu da siliki, tana barin auduga da zaren roba sai fa idan sun yi datti. Idan za ki ajiye, ki zuba kowane launi a leda mai zif tare da takardarsa, ki sa a roba mai murfi inda babu danshi kuma rana ba ta dukansa, don rana tana koɗar da launi. Ulun da kike shakka a kansa ki rufe shi a leda ki bar shi a firiza mako guda. Tara zare kuma ba zai magance matsalar lambar rini ba, domin dunƙule biyu na wannan launi da uku na wancan ba su isa mayafi ɗaya ba. Abin da ya cancanci tanadi shi ne launi biyu ko uku masu natsuwa, kowanne isasshe na aiki guda.

Amsa ta huɗu

Ki tuna da wanki, 'yar'uwa. Ulun da ba a sarrafa shi don injin wanki ba yakan tsuke ya cure idan ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa, kuma mai jinya ko mai baƙin ciki ba ta da ƙarfin lallaɓa kaya. Ki zaɓi abin da takardarsa ta nuna ana wanke shi a inji, ki rubuta mata yadda ake wanke shi a ɗan kati. Zaren roba yana da sauƙin wanki, sai dai yana narkewa idan ya kusanci wuta.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mama, na ɗauko takardun na duba, lallai lambobin rinin sun bambanta, kuma a daren nan zan fara warware ƙarshen mayafin. Yaya, maganar turaren nan da ba ki faɗa ba da na yi kuskure, domin har na tanadi wanda zan fesa. Saura abu ɗaya: in tambayi mara lafiyar launin da take so, ko in kai mata ba zata?

Mai amsa ta biyu

Ki tambaye ta, 'yar'uwa. A lokacin jinyata kusan komai wasu ne suke yanke mini shi, daga lokacin barci har zuwa abin da zan sha, ranar da aka ajiye mini dunƙule uku a kan gado aka ce in zaɓa na daɗe ina jujjuya su kafin in ɗauki kore. Ki kai mata zaren ta taɓa da hannunta, ki auna zagayen kanta da tef a hankali idan ta yarda, sannan ki rage kamar santimita 3 zuwa 5 daga awon, tunda saƙa tana buɗewa.