A ina saƙo yake lalacewa tsakanin baki da kunne?

Ɗalibar Sadarwa:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman bayani kan ginshiƙan sadarwa tsakanin mutum da mutum. Me ya sa mutum biyu masu harshe ɗaya za su tattauna, amma kowa ya tashi da tasa fahimtar? A ina ɓarakar take?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsarin sadarwa da masanan Amurka Shannon da Weaver suka fitar a 1949 ya nuna mai aika saƙo, saƙon kansa, hanyar da yake bi, mai karɓa, da kuma hayaniya. Don na'urorin sadarwa irin su tarho aka yi shi, shi ya sa bai kula da martani ba, sai da masanin sadarwa Wilbur Schramm ya jaddada shi a 1954.

Mafi yawan ɓarakar daga hayaniya take, kuma ba ƙarar inji kaɗai ake nufi ba. Yunwa da gajiya hayaniya ne, haka fushi da mummunan zato. Wadda ta fi ɓarna ita ce ta ma'ana: a ce "anjima", wani ya ɗauka minti 10, wani ya ɗauka da yamma. Maganinta a faɗi lokaci da adadi ƙarara. Kuma kada ki tambayi mutum "ka gane?", kunya za ta sa ya ce e. Ki ce masa, "maimaita mini yadda za ka yi."

Hajiya Talatu:
Malam ya yi daidai. Sai a haɗa da murya, fuska da tazara. Masanin al'adu Edward Hall ya ce tazarar da ke ƙasa da santimita 45 tsakanin masu magana ta makusanta ce, daga nan zuwa mita 1.2 ta abokai, ko da yake al'adu sun bambanta. A yi hattara da alƙaluman masanin halayyar ɗan Adam Mehrabian, wato wai kashi 7 cikin ɗari na saƙo daga kalmomi yake, 38 daga murya, 55 daga fuska. Gwajinsa na 1967 ya shafi bayyana so ko ƙi ne idan kalma ta saɓa wa murya ko fuska, ba kowace irin magana ba.

Ɗalibar Sadarwa:
Na gode ƙwarai. To saƙon waya fa, Hajiya?

Hajiya Talatu:
Nan babu murya babu fuska, mai karatu shi ke cike gurbin da halin da yake ciki. Gajeren "to" ma yana iya zama fushi a idonsa. Adireshi, lokaci da lissafi a rubuta su. Gyaran kuskure, ban haƙuri ko labari mai nauyi kuwa, a kira ko a haɗu ido da ido, 'yata.