Shin "yauwa" yabo ce zalla?

Malam Habu: Jiya a ƙofar gidan dagaci na ce "yauwa" kalmar yabo ce, babu sharri a cikinta, Kawu Isa ya ƙi. Ku raba mu. Almajiri ya biya allonsa babu gyara, na ce yauwa, ya tashi ya wanke. Ina aibu a nan?

Kawu Isa: Allah gafarta Malam, ba ta bakinka nake nufi ba. Wata Alhamis a kasuwar Maigatari aka yi ihun ɓarawo, aka rufe wani yaro da duka a kan akuya. Masu dukan ba su fi biyar ba. Sauran mun yi da'ira, sai "yauwa, ƙara masa!" ke tashi. Duk sanda aka faɗa, sai sanda ta sake sauka. Ni ma na faɗa, har yau abin yana cina. Da bakinmu muka dake shi.

Inna Ladi: Yaya Isa, kada ka haɗa wannan da tarbiyya. Da, maƙwabci ya kama ɗanka yana satar gyaɗa a gona, ya ja kunnensa, kai uban ka ce yauwa. Wannan yauwar ce ke nuna ɗa na kowa ne. Yanzu taɓa ɗan wani ka gani, sai kun kai gaban mai unguwa.

Sani Direba: Inna, ni rashinta ya fi ba ni tsoro. Na durƙusa na gaida Baba, in bai ce yauwa ba, ya ce "uhm" kawai, ranar ko tuwo ba ya wuce mini.

Malam Habu: To ka ga hujjata, Sani. Abin da ake jin zafin rashinsa ai alheri ne.

Kawu Isa: Ko kuwa linzami ne, Malam. Wa ke faɗa wa wa? Hakimi zai ce wa talaka yauwa. Talaka ya gwada mayar masa da ita a maimakon "ranka ya daɗe", a ga ko dogarai za su bar shi. Daga sama take saukowa.

Inna Ladi: Ban yarda ba. Ranar gayya, makaɗi na kiɗa, 'yan mata da suka kawo fura ke yi wa manoma yauwa, har da masu furfura a cikinsu, kuma babu wanda ya ce raini ne.

Kawu Isa: Wannan kam na ba ki. Amma yaron Maigatari fa, Ladi?

Inna Ladi: Wannan ku da kuka tsaya kallo za ku amsa, Yaya. Sai da safe, zan ɗora koko.