Neman shawara: Mushtari yana fito min fari fat a hoto

Mai tambaya, daga Katsina:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da madubin hangen nesa mai faɗin milimita 130, tsawon fokas ɗinsa milimita 650, kuma ƙafarsa ba ta da injin bin tauraro, da hannu nake juya shi. Idan na sa ido ina ganin Mushtari (Jupiter) sarai, da ɗamarorinsa biyu masu duhu da watanninsa huɗu a jere. Amma da zarar na ɗaura kyamarata Canon 600D, tare da gilashin Barlow mai ninka biyu, sai ya fito fari fat, ba layi ko ɗaya. In na rage haske kuma sai ya yi dishi-dishi. A saman dakin ɗin gidanmu nake aikin, bayan isha'i. Kyamarar ce ba ta dace ba, ko madubin ne ya yi ƙanƙanta? Ina tara kuɗi, ba na so in sayi abin da ba shi ne maganin ba.

Wani malamin kimiyya, daga Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna. Kayan da ke hannunka sun isa su fito da ɗamarorin nan, har da babban jan tabon da ke jikin Mushtari idan ya juyo ɓangarenmu. Matsalar ita ce hoto ɗaiɗai kake ɗauka, alhali masu wannan aiki bidiyo suke yi.

Ga dalili. Iskar da ke tsakaninka da Mushtari ba ta zaune, mai zafi da mai sanyi suna cakuɗuwa suna karkatar da haske. Kamar ka kalli kwabo ne a ƙasan ruwa mai motsi: yawancin lokaci a murɗe yake, sai can ruwan ya lafa na ƙiftawar ido ka gan shi tsaf. Idonka yana kama waɗannan lokutan da kansa, shi ya sa kake ganin abin da kyamara ta kasa. Hoto ɗaya kuwa sa'a ce. Bidiyo yana ba ka hotuna 25 ko 30 a daƙiƙa guda, sai manhaja ta tace masu kyau ta haɗe su wuri ɗaya.

Kyamarar taka tana da wani abu mai amfani sosai. A wajen bidiyo ka kunna zuƙowar nan mai ninki uku, ka tsaya a ukun, kada ka ƙara. A haka take amfani da tsakiyar firikwensin, wato ɓangaren kyamarar da ke karɓar haske, kusan ɗigo da ɗigo, maimakon ta matse hoton ta zubar da bayani. Da Barlow ɗinka Mushtari zai kai ɗigo 60 da wani abu a faɗi idan yana kusa da mu. Ƙarami ne, amma ya isa.

Rashin inji ma kada ya dame ka. Juyawar duniya tana sa shi ya ratsa allonka daga gefe zuwa gefe cikin kusan minti ɗaya da rabi. Ka juya kyamarar yadda zai bi tsawon allon, ka sa shi a baki, ka danna, ka ɗauke hannunka gaba ɗaya har ya fita. Ka samu hotuna sama da 2,000 ke nan. Dama ba a son bidiyonsa ya wuce minti biyu zuwa uku, domin yana kammala juyawa a kansa cikin ƙasa da awa 10, in ka daɗe sai zanen jikinsa ya goge.

Daga nan manhajoji uku ne, duk kyauta: PIPP ta tsayar da shi a tsakiya ta yanke baƙin gefe, AutoStakkert ta zaɓi masu kyau ta haɗe, ka fara da kashi 20 ko 30 cikin ɗari, sannan RegiStax ta fito da zanen. A RegiStax ka ja hannu a hankali. Na fi son hoto mai laushi na gaskiya a kan wanda aka matsa har gefensa ya yi zobe.

Mai ɗaukar hoton biki, daga Kano:

Malam ya gama magana, farin kawai zan taɓa. Kyamara tana ganin baƙin sama ya cika allo sai ta buɗe haske, Mushtari ya ƙone. Ka mayar da komai hannu. Fara da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 400 ko 800, gudun shata wajen 1/100, ka riƙa gyarawa har ɗamarorin su bayyana. In watannin suna sheƙi a allo, to shi Mushtarin ya ƙone. Amma kafin ka rage hasken, yi fokas a kan ɗaya daga cikinsu har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta.

Wata 'yar'uwa, daga Damagaram:

Ɗan'uwa, ni dakin ɗin nan nake zargi. Siminti yana shan rana wuni guda, bayan isha'i yana fitar da zafin, kuma ta cikin wannan hucin kake hange. Haka rufin kwanon maƙwabta da hayaƙin janareta. Ka sauko ƙasa, kan turɓaya, ko ka jira dare ya raba. Ka kuma fitar da madubin waje kamar minti 40 kafin ka fara, ya yi sanyi ɗaya da iska.

Mu a nan muna da wata ni'ima da ba mu cika lura da ita ba. Katsina da Damagaram suna wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka Mushtari yana hawa kusan tsakar ka, inda iskar da haskensa zai ratsa ta fi ƙaranci. Mutanen Ingila ba sa samun haka. Kada ka ɗauke shi yana fitowa daga gabas, bari ya hau. Hazon hunturu yana rage masa haske, amma in ba mai kauri ba ne ana aiki. Ƙurar dai kada ka goge ta da tsumma a kan madubin, za ka karce shi. Rufe shi da ka gama.

Wani injiniya, daga Kaduna:

Da girmamawa ga Malam, ni ina ganin ya sayi ƙaramar kyamarar taurari irin ta kamfanin ZWO. Tana ɗaukar hotuna sama da 100 a daƙiƙa, ba ta matse bidiyo, kuma ba ta da nauyin da zai rinjayi bakin madubin. Bambancin a bayyane yake.

Malamin kimiyya:

Gaskiya ne Injiniya, ta fi. Sai dai firikwensinta ƙarami ne, ba inji tauraron zai riƙa kuɓuce masa da sauri, ga kwamfuta da dole ya fita da ita waje. In kuɗin ya taru, ƙafa mai inji ce farko. Kafin nan ya duba daidaiton madubai biyun da ke cikin madubin hangen nasa: ka ɗan kauce daga fokas a kan tauraro mai haske, in baƙin da'irar ba ta tsakiyar zoben, sai an saita.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri Malam, Hajiya, da ku duka. Zan sauko tsakar gida. Zuhal (Saturn) fa, haka zan yi masa? Kuma yaushe Mushtari ya fi girma?

Malamin kimiyya:

Amin. Hanya ɗaya ce, amma Zuhal ya fi duhu sosai, sai ka ɗaga ISO ka sassauta shata zuwa wajen 1/30. Zobensa ya juyo mana gefe a Maris 2025, yanzu yana buɗewa kaɗan-kaɗan har zuwa wajen 2032, kowace shekara zai fi ta baya kyau. Mushtari kuwa ya fi girma lokacin da duniya take tsakaninsa da rana, yana fitowa da magariba ya faɗi da asuba. Hakan ta faru ranar 10 ga Janairu 2026, kuma tana dawowa duk bayan kimanin wata 13. Ka sauke manhajar Stellarium, kyauta ce, za ta nuna maka sa'ar da zai kai ƙololuwa a Katsina kowane dare. Idan ka yi bidiyon farko ka turo mana shi ɗanye kafin ka taɓa shi, mu duba fokas ɗin tare.