Fedal ɗin fuzz da na haɗa yana canza murya da rana: wace taransista ta yi muku aiki?

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum. Na haɗa fedal na jita, wato ɗan akwatin da ake takawa ya sa sautin jita ya yi kauri da gurnani (fuzz), a kan tsarin Fuzz Face, wanda kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966, mai taransista biyu kacal. Na sa taransista AC128 guda biyu, waɗanda aka yi da sinadarin jamaniyam. Da sassafe ko bayan isha'i sautin yana fitowa da kauri, in na rage ƙarar jita kuma ya washe tas. Amma da azahar, da zarar ɗaki ya ɗau zafi, sai ya riƙa sarƙewa, yana yankewa tun tsirkiya ba ta gama kaɗawa ba. Batir sabo ne. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mini.

Tsohon mai gyaran rediyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fedal ɗinka lafiya lau yake, halin jamaniyam ne. Taransista ƙafa uku gare ta, E da B da C, ta jamaniyam kuwa tana yoyon wuta ko ba a ba ta komai a ƙafar B ba, kuma yoyon yana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Tsoffin rediyoyin Japan da muka gyara haka suke, in an bar su a rana sai murya ta shaƙe.

Ɗauki mita ka auna ƙafar C ta taransista ta biyu. Da batir mai volt 9, ana son ka ga wajen 4.5. Auna da safe, ka sake aunawa da rana, ka faɗa mana. In kana son ka gani da idonka, riƙe kan taransista ta farko da yatsu biyu kana kallon mita. Ɗumin hannunka kaɗai zai sa lambar ta fara tafiya.

Abu na biyu, kada ka yarda da ramin hFE na mita, wato wurin auna ƙarfin taransista, a kan jamaniyam. Yana haɗa yoyon da ƙarfin gaske ya ba ka lamba ɗaya. Na sha ganin wadda ta nuna 150, da aka cire yoyo ba ta kai 80 ba. Yadda nake yi: batir mai volt 9, razista 2.472k a ƙafar C, sai 2.2M zuwa ƙafar B. Auna wutar da ke kan razistar C kafin ka haɗa B, wannan shi ne yoyon. Haɗa B ka sake aunawa, ka debe na farko daga na biyu, ka ninka sau 100, wannan shi ne ƙarfin gaske. Taransista ta farko a nemi mai ƙarfi 70 zuwa 85, ta biyu 100 zuwa 130. Wadda yoyonta ya wuce maikuro'am 300 (ma'aunin ƙaramar wuta ne) ni ajiye ta nake yi.

Makaɗin biki, Agadez:
Baba ya faɗi gaskiya. Mu a fili muke kaɗa jita, fedal yana kan tabarma, ƙasa na huci har bayan la'asar. Jamaniyam ba ta kai ni ko'ina ba, a tsakiyar wasa take mutuwa, ga jama'a sun taru. Na koma taransistar silikon. Ko kamfanin Arbiter da kansa ya bar NKT275 ta jamaniyam ya koma na silikon irin su BC108 kafin 1970. Sai dai BC108C ƙarfinta ya yi yawa, daga 420 take farawa, sautin yana da kaifi yana huda kunne, ga tsiwa in na buɗe fuzz har ƙarshe, wani lokaci ma tashar rediyo nake ji a amfilifaya. Kwandensa 100pF tsakanin B da C na ta biyu ta kashe tsiwar. Da na sa BC547A kuwa, wadda ba ta wuce 220, sai sautin ya yi laushi, ya kuma zauna wuri ɗaya safe da rana.

Ɗalibin lantarki, Jos:
Ni dai ban yarda a jefar da jamaniyam ba. Nawa 2SB175 ne da na ciro daga mataccen rediyo, kuma a sanyinmu na nan ba ya ba ni matsala sosai. Yadda yake washewa in ka rage ƙarar jita, ban ji silikon da ta yi daidai da shi ba. Cire razista 8.2k da ke ƙafar C ta taransista ta biyu ka sa razista mai juyawa ta 20k, ka fito da ita saman akwati. Zafi ya taso, ka murɗa har wutar ƙafar C ta dawo 4.5. Kuma ka sa soket, kada ka liƙa ƙafafun da dalma kai tsaye, zafin ƙarfen yana lalata su.

Mai haɗa amfilifaya:
Kafin ka bi shawarar mutumin Agadez, kula da abu biyu. AC128 PNP ce, BC547 kuma NPN, wato wuta ba hanya ɗaya take bi a cikinsu ba, don haka sai ka juya wayoyin batir da kwandensa biyun nan masu gefen + da −, 2.2uF da 22uF. Sannan ƙafafu ba jeri ɗaya suke ba. In ka fuskanci gefen da aka yi rubutu, ƙafafu suna ƙasa, BC547 C-B-E ce, 2N3904 E-B-C, C945 da ta cika shagunan kayan gyara kuwa E-C-B. Yawancin fedal ɗin da ake kawo mini wai sautin ya yi siriri, ƙafa ce aka juya. Mai PNP kuma kada a haɗa shi a adafta ɗaya da sauran fedal, wuta za ta haɗu. A bar shi da batirinsa, a sa shi farko daga jita.

Mai tambaya, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na auna: da safe 4.8, da azahar ta haura 7. Na gwada su ɗaya-ɗaya yadda ka ce, ta farkon ce mai yoyo, yoyonta ya wuce maikuro'am 400. Na sa soket da mai juyawar 20k, yanzu ina iya dawo da ita da rana, ko da yake sautin bai kai na safe daɗi ba. Zan haɗa na biyu da BC547A don wasan waje.

Tsohon mai gyaran rediyo:
Madalla. Canza ta farkon da wadda yoyonta bai kai 100 ba, ita ce ke jan ta biyu. In ka samu na Rasha irin su GT308, gwada su, yawancinsu ba sa yoyo sosai. Bayan ka taɓa ta da hannu, ka bari ta huce na ɗan lokaci kafin ka karanta mita.